TSOHUWAR MOTAR ALFARMA BA KADARA BA CE



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari daga Kano har Kaduna da Jos, wai mota yanzu kadara ce. Wai idan ka samu kuɗi ka zuba su a tsohuwar Benz ko Range Rover, ka hau shekara biyu ka more, ka sayar ka ci riba. Dillalai suna faɗa, masu tallan mota a TikTok suna maimaitawa, samari kuma suna sayar da filaye suna bi. Mu dai mun ce ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cinye jarin da mutum ya sha wuya kafin ya tara.

Mu fara da tambayar da ba a son ji a wurin ciniki. Me ya sa Bature zai sayi mota da tsabar kuɗi masu yawa, bayan 'yan shekaru ya rabu da ita a rabin kuɗinta ko ƙasa da haka? Shi bai san daɗinta ba ne? A Amurka, manyan motoci irin su BMW 7 Series da Maserati Quattroporte suna cikin waɗanda darajarsu ta fi saurin zubewa, ba abin mamaki ba ne su rasa fiye da rabin kuɗinsu cikin shekara 5. Dalilan ba a ɓoye suke ba. Da yawa daga cikin masu hawansu haya suke ɗauka ta kimanin shekara 3, wa'adi na cika su mayar su karɓi sabuwar yayi, sai tsofaffin su cika kasuwa. Garantin da Mercedes da BMW ke bayarwa a can shekara 4 ne ko mil 50,000, wato wajen kilomita 80,000. Daga ranar da ya ƙare, duk abin da ya lalace a aljihun mai mota yake. Mai kuɗin gaske sabuwa yake so, mai neman tsohuwa kuma tsoron gyara yake yi, don haka farashi ya yi ta sauka har sai ya kai inda wani zai yarda ya ɗauki kasadar. Sau da yawa wannan wanin mu ne.

Ga abin da dillali ba zai gaya maka ba: kuɗin motar ne ya faɗi, kuɗin kayanta yana nan inda yake. Fitilar gaba, giya, birenbos, duk farashinsu na motar attajiri ne, ko da kai da ka saya albashi kake jira. Da yawa daga cikin manyan motocin nan a kan jakunkunan iska suke tafiya maimakon sifirin, shi ya sa suke da laushi a titi. Ranar da jaka ɗaya ta fara yoyo ko famfon iskar ya mutu, za ka wayi gari ka tarar da ita ta durƙusa a ƙofar gida kamar raƙumi. Ka je Kofar Ruwa ko Panteka neman kayan, a ce sai an aiko daga Ladipo a Legas, can ma wani lokaci a ce sai an yi oda daga waje, da dala. Bakaniken unguwa da ya saba da Golf da Corolla ba shi da kwamfutar da zai karanta ciwonta, sai ya yi ta lalube, ya gyara ɗaya ya ɓata biyu. Ga baƙin mai na musamman da take buƙata. Ga fetur: kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000, injin silinda takwas kuwa bai san an cire tallafi ba.

Duk wannan idan ka dace da lafiyayya ke nan. Kaso mai yawa na motocin da ake shigo mana da su daga Amurka a gwanjo ake sayo su, a wurare irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya cinye. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Motar da ta sha ruwa ana iya wanke ta, a fesa mata turare ta yi ƙyalli, amma tsatsa tana nan tana cin wayoyinta a hankali, kuma motar alfarma gaba ɗayanta wayoyi ce da na'urori. Wadda ta yi haɗari kuwa mai fenti ya gama da ita, a mayar da mita baya, a kira ta "sabuwa dal". Akwai kuma batun takarda. Tun farkon 2017 gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka wadda ta biyo ɓarauniyar hanya daga Kwatano da takardar kwastam ta bogi, ranar da aka tare ka a hanya za ka san ba araha ka saya ba.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci tun 1970, aikin da ya taimaka masa samun kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye yana zargin kowace mota, ba zai biya kuɗin mai kyau ba, sai masu motoci nagari su riƙe abinsu, a bar kasuwa cike da masu ciwo. Hausawa sun riga shi ba abin suna, cinikin biri a sama.

To, mun san hujjar da za a kawo mana. Wani zai ce, "Ni na saya miliyan biyar, na sayar miliyan goma, ina faɗuwar?" Mu yi lissafi. Mu ƙaddara ka saya a tsakiyar 2021, lokacin da dala take wajen naira 500 a Wapa. Miliyan biyar ɗinka dala 10,000 ke nan. Ka sayar a 2024, dala ta haura 1,500. Miliyan goman da kake murna da ita ba ta kai dala 6,700 ba. Kashi ɗaya cikin uku na dukiyarka ya tafi, ba mu ma sa kuɗin gyara da mai da taya ba. Motar ba ta ƙara daraja ba, naira ce ta fi ta saurin faɗuwa. In kana shakka, ɗauki miliyan goman ka koma kasuwa ka nemi irin motar da ka saya, mai shekaru da lafiya irin na ranar da ka saye ta, ka ga ko za a ba ka. Ko ka tambayi buhun siminti nawa miliyan biyar take saya a 2021, nawa miliyan goma take saya a 2024.

Ba mu ce duk mota ɗaya ba ce. Corolla da Hilux da Land Cruiser suna riƙe darajarsu fiye da sauran, domin kayansu na ko'ina, kowane bakanike ya san su, kuma kullum akwai mai nema. Ko a cikin na alfarmar akwai irin su G-Wagon da Porsche 911 da ba sa saurin zubewa, sai dai su ma tsofaffinsu ba su shigo layin mai ƙaramin ƙarfi ba. Ba kuma mu ce attajirin da zai iya biyan gyara ba tare da ya ji a jikinsa ba kada ya hau abin da ransa ke so. Kuɗinsa ne, kuma ya san jin daɗi ya saya. Rigimarmu da masu kiran kashe kuɗi da sunan zuba jari ce.

Muna da aboki da muka yi poli tare. Gadonsa ya fito, fili ɗaya a bayan gari da 'yan kuɗi kaɗan. Ya sayar da filin ya haɗa ya sayo wata ƙatuwar motar Turai, mu ma da bakinmu muka taya shi murna, muka ɗauki hotuna a jikinta. Ba ta yi wata shida ba giya ta fara wasa. Yau tana gareji an ɗora ta a kan duwatsu, ƙura ta rufe gilashin, shi kuma yana hawa adaidaita sahu zuwa wurin aiki. Filin da ya sayar, unguwar ta cika da gidaje. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu ne muke tashi tsaye mu gaida mai Benz, mu amsa sallamar mai babur a zaune. Mu ne idan an zo neman auren ƙanwarmu muke fara leƙa abin da aka faka a waje. Muddin haka muke auna mutum, samari za su ci gaba da sayen ciwon kai don a gan su.

Wanda duk ya ƙudura sai ya saya, ga shawararmu. Karɓi lambar VIN ɗinta mai haruffa da lambobi 17, ka bincika tarihinta a Carfax ko makamancinsa kafin ka biya ko sisi. Tabbatar da takardar kwastam a ofishinsu, kada ka tsaya ga rantsuwar dillali. Tafi da bakanikenka mai kwamfuta, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Sannan ka shiga kasuwar kayan gyara ka tambayi kuɗin giya da fitila da jakar iskarta. Idan jin farashin ya sa gabanka ya faɗi, ka bar ta a inda ka gan ta, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda yake da ja a kan lissafin nan, ya kawo nasa mu gani, amma ya haɗo da rasiɗin gyara. Sai mako mai zuwa.