A bar kusar kafireta ta huta

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, roƙo guda ya zama ruwan dare a garejin kanikawa: "Oga, a rage mata shan mai." Nan take a buɗe bonet, a matse ƴar kusar da ke gindin kafireta, mai mota ya biya ya tafi da murna. Ina ganin wannan ɗabi'a tana kashe ragowar Peugeot 504 ɗin da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma ba ta rage ko lita ɗaya a doguwar tafiya.

Dalilin a fili yake. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, bisa nauyi. Kusar da ake murɗawa aikinta saita wannan haɗi lokacin da mota take tsaye tana silo. Da zarar an taka totur an hau titin Zariya zuwa Kano, babban jet ne ke ba da mai, kusar ta zama ƴar kallo. Abin da matsewar ke jawowa shi ne mota ta riƙa mutuwa a danja, tana shaƙewa in an tashe ta. Masu ƙanƙanta jet kuwa ɓarnarsu ta fi muni, domin in mai ya gaza inji yana ɗaukar zafi, bawul ya ƙone, kuɗin da aka yi tattali ya ƙare a gyaran kan inji.

Za a ce ai akwai motar da ke zuƙar mai da gaske. Haka ne, amma sau da yawa laifin ba na kafireta ba ne. A fara kwance fulogi a duba bakinsa: baƙin toka busasshe na nufin mai ya yi yawa, fari fat na nufin ya gaza, ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. In baƙi ne, a ɗaga matatar iska a haska ta a rana, don ƙurar hunturu kan toshe ta har haske ya kasa ratsawa. A duba ko cok ya maƙale, ko fulot ya huje har mai na ambaliya. In fari ne, a nemi tsagaggen tiyo ko gasket da ke satar iska. Shuɗin hayaƙi a salansa kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, babu ruwan kafireta. Tayimin da kwantak ma sai an daidaita su tukuna.

Wasu za su kare kunnen tsohon kanike, kuma ina girmama kunnen nan ƙwarai. Sai dai gwanin gaske yana barin inji ya yi zafi, ya gama duk wancan bincike, sannan ya taɓa kusar a ƙarshe, rubu'in juyi a hankali, yana sauraron inda silo ya fi zama daram.