RA'AYINMU: Manhajar Uwar Garke a Kwamfutar Ɗalibi

Cikin koke-koken da suka iso ofishin wannan mujalla tun da aka dawo hutu, akwai guda da muka ga ya wajaba mu tsaya a kansa. Wani ɗan'uwanmu ɗan ajin ƙarshe, mutumin Jiga Makera, ya shigo da kwamfutarsa ta cinya a hammata, ransa a ɓace. Yana tsakiyar rubuta babi na huɗu na kundinsa na kammala karatu sai ta ɗauke. Ya kunna, bayan sa'a guda ta sake ɗaukewa, haka ta dinga yi har aka kira asalatu. Ya zaci batir ne. Da aka duba sai aka tarar batir lafiya lau yake, amma babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar Windows Server ce, wadda wani mai shagon gyara ya ɗora masa wata shida da suka wuce, ya ce masa ita ce ta manyan kamfanoni, ba ta ciwo ba ta tsufa. Kwamfutar nan kuwa da kuɗin albasar da mahaifinsa ya noma ya kai kasuwar Aliero aka saye ta.

Ya kamata masu karatu su san mafarin wannan al'amari. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Magajiyarta, Windows 11, ta zo da sharuɗɗa: sai na'ura tana da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sa'an nan ƙwaƙwalwarta, in ta Intel ce, kada ta gaza ƙarni na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. To, mu da akasarin kwamfutocinmu gwanjo ne, ina muka ga wannan? Nan ne masu shaguna suka sami abin faɗi. Suka ce Windows Server 2019 za a ci gaba da kula da ita har Janairun 2029, ta 2022 kuwa har Oktoban 2031, ba ta neman guntun nan, ba ta zuwa da tallace-tallace da wasannin banza. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Abin da suka bari a ciki shi ne ya fi yawa.

Uwar garke, kamar yadda sunan ya nuna, na'ura ce da ake ajiyewa a ɗaki mai sanyi tana yi wa ɗaruruwan wasu na'urori hidima, ba dare ba rana, ba mai zama gabanta. Irinta ce ke riƙe da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Saboda haka aka tsara manhajarta ta fifita ayyukan bayan fage a kan abin da mutum yake taɓawa da hannunsa. Sauti a kashe yake zuwa. Kama intanet ta iska sai an ƙara shi da hannu. Kantin manhajojin Microsoft babu shi, kuma da yawa daga cikin manhajojin riga-kafi na kyauta, da zarar sun gane inda suke, sai su ƙi zama. Sunan Jiga Makera kansa yana tuna mana da maƙera, inda ba wanda zai ba ka guduma ka yi aski da ita don kawai ta fi aska nauyi.

Wani zai ce ai ciki ɗaya suka fito. Lalle haka ne, kuma ba yau aka gano ba. A 1996 wani masani mai suna Mark Russinovich ya nuna cewa Windows NT ta tebur da ta uwar garke zuciyarsu ɗaya ce, 'yan saituttuka biyu ne ke gaya wa manhajar wacce za ta zama. Maganar ta tayar da ƙura a Amurka, sai ga shi a 2006, shekarar da aka kafa jami'armu ta Aliero, kamfanin ya ɗauke shi aiki. Amma wannan hujja ai a kan masu shagon take komawa. In zuciyar ɗaya ce, ina ƙarfin da suke cewa an ƙara maka? Abin da ya bambanta shi ne tsari da lasisi, kuma a lasisin ne ramin yake.

Lasisin Windows Server na halal ya haura dala dubu. Duk wanda aka ɗora wa ita a kan 'yan dubban naira, ɗayan biyu ne. Ko dai ta gwaji ce, wadda kamfanin ke bayarwa kyauta ta kwana 180, in wa'adin ya cika ba a sabunta ba sai ta riƙa kashe na'urar kowace sa'a, abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan. Ko kuwa ta sata ce da aka fasa makullinta da wata manhajar da ba wanda ya san abin da ke ƙunshe cikinta. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Muna jawo hankalin yayyenmu da suka kama aiki a sakatariyoyin Jega da Maiyama da Aliero musamman a kan ta biyun, domin kundin ɗalibi in ya salwanta mutum ɗaya ne zai yi kuka, amma jerin albashin ma'aikata da lambobin asusunsu na banki amana ce ta jama'a.

To, mece ce mafita? Wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11 ya koma can. Wanda tasa ba ta cika ba, kuma aikinsa rubutu ne da lissafi da bincike, muna ba shi shawarar Linux ta tebur, kamar Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, ko Linux Mint da ta fi sauƙi ga tsohuwar na'ura. Kyauta ce ta halal, kuma fitowar Ubuntu mai dogon zango tana samun gyaran tsaro shekara biyar. A nan ma a lura, Ubuntu tana da tata ta uwar garke, wadda in ka ɗora ba abin da za ka gani sai baƙin allo yana jiran ka rubuta umarni. Ba za mu ɓoye ba, 'yan sashen injiniya masu aiki da AutoCAD Linux ba za ta fisshe su ba. Su kam hakkinsu ne sashensu ya buɗe musu ɗakin kwamfuta har dare. 'Yan kimiyyar kwamfuta da ke son koyon uwar garke don aikin gaba, abin yabo ne, amma su ajiye ta cikin VirtualBox, inda in ta mutu ba za ta tafi da kundin kowa ba.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su nemi haɗin kan cibiyar kwamfuta ta jami'a, a ware Asabar ɗaya kafin jarrabawa a duba na'urorin jama'a kyauta. Kafin nan, kowa ya kwafe kundinsa a filashi yau ɗin nan, sa'an nan ya rubuta winver a wurin bincike ya danna. In ya ga kalmar Server, ya nemi wakilin ajinsa. Ɗan'uwanmu na Jiga Makera ya ce zai zauna a ofishin mujalla bayan la'asar ya nuna wa mai bukata yadda aka ceto babinsa na huɗu.