Ra'ayinmu: Takarda Ta Samu, Saura Aiki

A 'yan watannin nan, koke-koken da suke zuwa ofishin wannan ƙungiya daga Ijora Badiya da Zangon Agege sun ɗauki wani sabon salo. A da mun saba jin kukan rusau, ko tashin kasuwa, ko kamen 'yan acaɓa. Yanzu kuwa iyaye ne suke zuwa da takarda a hannu, suna cewa yaro ya koyi aikin haɗa kwamfutoci, ya ci jarrabawar kamfanin Cisco da ake kira CCNA, amma ga shi nan a gida, shekara ta zagayo babu aiki.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuɗin zama jarrabawar kaɗai dala 300 ne, ban da kuɗin makaranta da na mota. Mai sayar da goro ko mai fawa da ya tara wannan kuɗi, guminsa ya zuba. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, takardar tana da wa'adi: shekara 3 take yi, in ba a sabunta ta ba sai ta mutu. Saboda haka duk watan da yaro ya yi yana jiran a kira shi, jarin gidansu ne yake narkewa.

Shin babu aikin ne a Legas? Akwai shi. Tun da aka ba da lasisin wayar salula a 2001, garin nan ya zama cibiyar sadarwar Nijeriya. A nan manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, sa'annan Equiano na kamfanin Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wasu wayoyin suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda harkar bankuna da ofisoshi ta tsaya cik. Kowane banki da asibiti da otal da kamfanin fiton kaya a Apapa yana buƙatar wanda zai kula da sadarwar kwamfutocinsa. To, me ya hana namu shiga?

Matsala ta farko ita ce ta takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Agege, aka haifi ubansa a Agege, kakansa ya zo fataucin goro tun zamanin Turawa, in ya nemi aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar ƙaramar hukumarsa ta asali. Ya tafi Kano ko Katsina, can ma a tambaye shi wane mai unguwa ne ya san shi. Alhali kuwa sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya ga dama, sashe na 42 kuma ya hana hukuma nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Tsarin raba daidai da ke sashe na 14 an yi shi ne domin kada a bar kowa a baya, amma da yake ana lissafa shi da jihar asali, 'ya'yan mazauna irin namu su ne suke tashi a tutar babu. Za mu ci gaba da faɗar wannan a gaban duk wanda ya zo neman ƙuri'armu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗa wa kanmu. Mafi yawan aikin sadarwa yana hannun kamfanoni masu zaman kansu ne, su kuwa ba rabon jihohi suke bi ba. Abin da suke tambaya shi ne, me ka taɓa haɗawa da hannunka? Yaron da ya haddace amsoshin jarrabawa, amma bai taɓa ɗaura kan waya ko saita na'urar rarraba intanet ba, minti goma ya isa a gane shi a wajen intabiyu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Don haka muna kira ga matasanmu da kada su raina farawa daga ƙasa. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja ba ta da nisa da Agege, jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a duka biyun, na Ijora kuma suna iya hawansa daga Oyingbo. A bi masu jan waya da kafa kyamarorin tsaro, ko da kuɗin mota kawai za a samu a farko. A rubuta kowane aiki da aka yi, da wurin da ranar. Wannan rubutu shi ne zai tsaya wa yaro a gaban mai ɗaukar aiki. A kuma yi katin zama na LASRRA, domin shi ne shaidar da Jihar Legas ta sani ga mazauninta, ana kuma nemansa wajen cin moriyar shirye-shirye irin na asusun samar da aiki na LSETF da aka kafa a 2016.

Iyaye kuma a yi hattara da dillalan aiki. Duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a ba da gurbi, ko a ajiye masa ainihin takardun yaro, a guje shi. In an samu aikin, a nemi wasiƙar ɗauka mai nuna albashi da sharuɗɗa. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ƙaramin ma'aikaci wannan a rubuce cikin wata 3, kuma in rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, takardar ce za ta yi magana.

Daga ƙarshe, muna tuna wa attajiranmu da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni cewa su ma masu ba da aiki ne. Makarantun Islamiyya da shagunan canji da ofisoshin masu tireloli duk suna kiran wani ya ja masu waya. A fara gwada namu, a biya shi haƙƙinsa, a ba shi takardar shaida cewa ya yi. Ƙungiya za ta buɗe rajista a ofishinta domin duk mai irin wannan takarda, maza da mata, ya zo ya rubuta sunansa da ranar da wa'adinta zai cika.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su abin yi na halal, amin.