Hanyar Garwa da burtalin giwaye

Kuɗin sake gina hanyar Ngaundere zuwa Garwa a arewacin Kamaru sun samu. Bankin Raya Afirka ya amince da rancen kusan Yuro miliyan 330, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gindin tirela tsakanin Mbe da Ngong saboda rami ya san an daɗe ana jira. Ɗan kasuwar Mayo-Oulo da ke sauko da gyaɗa ta Guider, ko mai ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin kwalta. Wannan jarida ma tana son hanyar.

Sai dai hanyar nan ba a fili take tafiya ba. A wajejen Gamba, Banda da Sakje tana bin gefen gandun dajin Binuwai ta yamma, tana kuma yanke burtalin da namun daji ke bi zuwa gandun Faro. Giwa da ɓauna da raƙumin dawa sun riga kwalta sanin wannan hanya. A yau ramuka ne ke tilasta wa direba rage gudu. Ranar da aka shafe su, tirela za ta riƙa wucewa da gudu cikin dare, sansanin ma'aikata zai buɗe kasuwar naman daji, masu haƙar zinare da masu gawayi kuma za su samu sauƙin fitar da kayansu. Abin da jaridar nan ke nema shi ne a fito da alkawuran da aka rubuta game da wuraren tsallakawar dabbobi, a karanta su a gaban mutanen ƙauyukan da Fulatanci da Hausa, kafin katafila ta taɓa wannan yanki.

Doka ce ma ta ce a yi. Dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996 ta wajabta binciken illar kowane babban aiki, ƙudurin Firaminista na 14 ga Fabrairu 2013 kuma ya tanadi jin ra'ayin jama'a, da takardar amincewa daga ma'aikatar muhalli, da rahoton yadda ake cika alkawari duk wata shida. Takarda ba ta taɓa yi wa Kamaru ƙaranci ba. Matsalar ita ce mai aikin shi ne ke biyan mai binciken, rahoton yakan fito da Faransanci cikin ɗaruruwan shafuka, jauron ƙauye kuwa sai dai ya ji labari an sa hannu a Yawunde.

Za a ce yankin da mata ke haihuwa a bayan babur kan hanyar asibiti ba shi da lokacin lissafin giwaye. An ji. Amma alamar rage gudu da shingen bincike da hana ma'aikata farauta ba su ne za su cinye miliyan 330 ba, kuma giwar da aka toshe wa burtali gonar dawa da auduga take faɗa wa, ba ofishin minista ba.

Arewacin Kamaru ya sha ganin irin wannan. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, ruwan da ke malala a fadamar Logone ya ragu, ciyawa ta mutu, namun gandun Waza da shanun makiyaya da masunta duk suka ji a jikinsu. Sai a 1994 aka koma ana fasa gaɓa don maido da ruwan da tun farko bai kamata a tsare shi haka ba. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka a dajin wannan yanki ta ƙare: masu bincike sun zagaya a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar wa duniya cewa ta ɓace. Shekara ɗaya bayan haka mahaya ɗauke da bindigogi suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njidda, sojoji ba su iso ba sai da aka yi makonni ana ɓarna. A Mayo-Louti ma, mutanen Bidzar sun san yadda fasa dutse ya matsa wa tsofaffin zanen da ke kan duwatsunsu. Kowane lokaci bayan an gama ake zuwa jaje.

Gandun Binuwai, mai faɗin kusan hekta dubu 180, yana cikin jerin UNESCO tun 1981. Ya riga ya gaji da ramukan zinare da garken shanu da gonakin da ke cin gefensa shekara bayan shekara. Ba zai iya ɗaukar wani sakaci ba.

Don haka jaridar nan na kira ga gwamnan yankin Arewa, da ma'aikatun ayyuka, muhalli da gandun daji: a faɗi wuraren da dabbobi za su tsallaka da sunayensu, a sa su cikin kwangila tare da tarar wanda ya saɓa, a nisanta sansanin ma'aikata da wurin ɗibar tsakuwa daga bakin gandu. Rahoton wata shida kuma a karanta shi a gidan rediyon Garwa, lamidai da jaurori su ji da kunnensu. A yi wannan kafin a zuba tifa ta farko a Banda.