Nonon saniya daga saiwar wake yake farawa

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da ka ce wa manomi ya zuba taki don abincin saniya, zai dube ka kamar ka zautu. Taki na hatsi ne, in ji shi, dabba kuma ta ci abin da ya saura. Idan rani ya tsananta ƙwarya ta daina cika, sai kowa ya ɗora wa irin saniyar laifi, manyan ofis su fara zancen shigo da shanun Turai. Ni ban yarda ba. Yunwa ke damun shanunmu, kuma a gona muke shuka ta.

Karan gero, wanda shi ne cimar saniya daga kaka har bazara, furotin ɗinsa bai fi kashi 4 ko 5 cikin ɗari ba. Makiyayar da ta rage kuma garmani ya cinye ta. Saniyar da ke fama da riƙe ranta, da me za ta yi nono? Ko saniyar Azawak ta tashar Tukunus, wadda ake yabon nononta, in ka ɗaure ta a kan kara zalla za ta ƙafe.

Masu furoje suna yawan ambaton luzan, ciyawar da Amurkawa ke kira alfalfa, wadda furotin ɗinta ke kai kashi 18 zuwa 20. Ana noma ta a garake na Ayar, kuma tana iya yi a wasu fadamun Gulbin Maraɗi. Amma mai shan ruwa ce, jigawar Gazawa ba za ta ɗauke ta ba. Abin koyi a nan shi ne yadda manomin Faransa ko Amurka ke tafiyar da ita: yana gwada ƙasa, ya zuba fosfat da fotash, ya yanke ta da fara fure, domin ya san a nono kuɗinsa zai dawo.

Mu ma muna da ƴar'uwarta a gida, wato wake, da gyaɗa. Harawar wake ta ninka kara sau biyu zuwa uku a furotin. Tuge wake ɗaya a tsakiyar damina ka duba saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki, yana jawo abincin shuka daga iska. In fari ne fat, ko babu shi ma, waken nan na zaman banza. Tunda wake yana jawo nasa daga iska, zuba masa yuriya da yawa ɓarnar kuɗi ce. Fosfat yake nema, irin supa da iyayenmu suka sani tun zamanin gyaɗa, kuma shi ne abin da rairayinmu ya fi rasawa. Masu bincike na ICRISAT a Sadore sun daɗe da nuna cewa ɗan tsunkule a ramin shuka, kamar giram 2 na DAP, yana sauya amfani. Me ya sa ake koya wannan don hatsi, ba a ɗora wake a kai da niyyar harawa?

Za a ce buhu ya yi tsada. Gaskiya ne. Amma wanda ya ƙi sayen ƴan tiyoyin taki a watan Yuni, shi ne ke sayen ɗaurin harawa da dusa a watan Afrilu da tsadar da ta fi, ko ya karyar da saniyar a kasuwa tana tangaɗi.

Taki kaɗai kuma ba ya gama aikin. Harawar da aka bari a rana har ganye ya kaɗe, igiya ce kawai ta saura. A yanke ta da sauran korenta, ta bushe a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa.

Mutanen Ɗan Saga sun riga sun nuna wa duniya cewa manomin Agye yana sauya hannu in ya ga riba: sun bar gawo da kalgo sun sake tsira a gonaki. Malaman gona da na dabbobi su riƙa fita tare, su ware kadada ta wake a kowane ƙauye, rabi da supa, rabi babu, a ciyar da shanu biyu, matan da ke tatsa su auna nonon da kansu.