Kwaɗon Adas na Jamusawa: Darajar Tana Cikin Ƙwayar

A teburin biki a biranenmu, salak ya zama kabeji da karas da aka nutsar cikin mayonis, ana ajiye shi gefen shinkafa domin ado. Jamusawa suna da wani salak da ya fi kusa da abin da Bahaushe ke kira kwaɗo, domin shi kaɗai yana ƙosar da mutum. Sunansa Linsensalat, wato kwaɗon adas, ƙwayar nan mai faɗi da aka ambata a aya ta 61 ta Suratul Baƙara. Ya cancanci shiga ɗakin girkin ma'aikaci, amma da sharaɗin a girmama ƙwayar kanta.

Tarihin adas a Jamus ya nuna abin da raini ke jawowa. A tsaunukan Suwabiya, kudu maso yammacin ƙasar, adas abincin talaka ne. Nomansa akwai wahala, saboda karansa ba shi da ƙarfi, sai an shuka shi tare da sha'ir ko wani hatsin da zai jingina da shi, sannan a rarrabe ƙwayoyin bayan girbi. Da arziki ya samu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manoma suka watsar da shi, har irin yankin ya ɓace wajajen shekarun 1960. Manomi Woldemar Mammel ya farfaɗo da noman a 1985 da irin ƙasashen waje. Sai a 2006 aka gano tsohon irin a rumbun tsaba na Cibiyar Vavilov da ke birnin San Pitasbag na Rasha. Abin da aka yar a gida, sai da aka je wata ƙasa aka roƙo shi.

Girkin ma haka yake, wanda ya raina ƙwayar zai tashi da fate. Jan adas, wanda aka cire wa ɓawo, narkewa yake yi cikin minti goma, don haka miya ya dace da ita. Kwaɗo yana buƙatar kore ko ruwan ƙasa mai ɓawo. A wanke gram 200, a zuba ruwa ninki uku, a dafa a wuta kaɗan na minti 20 zuwa 25, ba sai an jiƙa ba. A sauke da zarar ƙwayar ta yi laushi amma ba ta fashe ba.

Mataki mafi muhimmanci shi ne lokacin zuba tsami. Idan aka zuba ruwan khal a tukunya tun farko, tsamin yana hana ƙwayar yin laushi. Idan kuma aka jira ta huce sarai, ɗanɗanon zai tsaya a bayanta. Saboda haka sai a tace ruwan, a kwaɓa cokali biyu na khal ɗin tuffa, cokali uku na mai, ƙaramin cokali na mustad, gishiri da masoro, a zuba tun adas yana da ɗumi. Daga nan a ƙara albasa da karas da aka yanka ƙanana, da lawashi, a bar shi rabin awa. Wasu gidajen Jamus suna sa soyayyen naman alade. Barinsa ba ya rage komai, domin ƙashin bayan kwaɗon tsami ne da ƙwaya.

Mai suka zai ce adas kayan waje ne, Kanada ce kan gaba wajen nomansa, kuma wakenmu ya fi araha. Gaskiya ne, kuma babu laifi a bi wannan ƙa'ida da farin wake, sai dai dahuwarsa ta fi daɗewa. Duk da haka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen adas furotin ne, yana nuna cikin ƙasa da rabin awa, kuma kwaɗon yana kwana biyu ko uku a firji. Ga wanda nama ya yi wa tsada, lokaci kuma ya yi masa ƙaranci, wannan lissafi ne mai riba. Abin da kawai ake nema shi ne a zaɓi ƙwayar da ta dace, a tsaya a kan tukunya, a ajiye kwalbar mayonis.