Mai Neman Ƙwararre Ya Taya A Horar Da Shi

Duk ɗan kwangilar da ka zauna da shi a Kaduna, kukansa ɗaya ne: babu ma'aikata. A nan Rafin Guza kuwa, matasa na zaune a bakin shaguna suna cewa babu aiki. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararren hannu.

Kayan gini nake sayarwa, don haka a gabana ake tafka asarar. Mai gida zai sayi tayil mai tsada, yaro ya shimfiɗa shi ba awo, siminti bai cika ƙarƙashi ba. Kafin damina ta fita, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. A ɓamɓare, a sake sayen kaya, sannan a kira mutumin Togo ko Kwatano. Kuɗin aiki ya tsallaka iyaka, mu an bar mu da ɓaraguzai.

Magabata sun san wannan lissafi. A 1956 aka buɗe makarantar fasahar da ta zama Kaduna Polytechnic, masaƙar KTL ta Kakuri kuma ta biyo baya a 1957. Horo ne ya riga injin isowa. Har gobe hedikwatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, tana garin nan, ga kasuwar Panteka cike da masu walda da kafintocin da suka koya a hannun oga, amma da yawansu ba su da takardar da kamfani zai duba ya ɗauke su.

Gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar koyon sana'a a Rigachikun, kusa da mu. Madalla. Sai dai aji ba ya gama horar da kowa. A wurin aiki hannu ke faɗawa. Nan ne nake ganin laifinmu, masu shaguna da kamfanoni. Kowa na son gwani, babu mai son ɗaukar ɗan koyo.

Dokar ITF, asusun horar da ma'aikata, ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu don horo. Biyan kaɗai bai wadatar ba. Duk mai kwangila ya ɗauki yara biyu ko uku daga unguwa, ya ba su kuɗin mota da na abinci, ya haɗa su da gwani, in sun iya ya kai su a jarraba su, a ba su shaida. Ba sadaka ba ce, jari ne, kuma shi zai fara cin ribarsa ranar da ya daina biyan aiki ɗaya sau biyu.